Haske a Ƙarƙashin Rula

"Durƙusa sosai, Akawu," in ji Baba Sifana. "Sa idonka daidai da bakin ƙarfen. Kana ganin haske?"

Na durƙusa, gwiwar wandona na ofis a cikin ƙasa mai baƙin mai. Kan injin motata yana kife a kan bencin da ke ƙofar gidansa, an wanke shi da fetur har yana ƙyalli, shi kuma Baba ya kafa doguwar rularsa ta ƙarfe a kansa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tun da safe ya yi min bayani. Idan inji ya ɗau zafi har gaskit ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wani lokaci kan yakan lanƙwashe kaɗan, yadda ido ba zai gane ba. Rula ce ke tona asiri. In ta zauna daram babu haske a ƙarƙashinta, sai a sa sabon gaskit a ɗaure. In kuwa haske ya ratso, komai ƙanƙantarsa, dole a kai wa masu gogewa su daidaita shi da injinsu, su kuwa ba sa sakin aiki ƙasa da kwana huɗu.

Ranar Alhamis ce. Ranar Asabar da safe ni zan ɗauko sabon shugaban ofishinmu daga filin jirgi. Ba wanda ya aike ni, ni na miƙe a gaban mutane na ce a bar min, motata lafiyarta ƙalau. Shekara tara ina kan kujera ɗaya, na ƙudurta cewa wannan karon fuskata ce ta farko da mutumin zai gani.

Na rufe ido ɗaya na duba. A tsakiya, daidai tsakanin rami na biyu da na uku, ga shi nan, siriri kamar zare, rana tana leƙowa ta ƙarƙashin ƙarfen.

"Babu, Baba," na ce.

"Bari in juya ta ɗaya kusurwar. Yanzu fa?"

Yanzu ma ya fi fitowa.

"Babu."

Ya shafa ƙarfen da tafin hannunsa, sannan ya yi 'yar dariya. "Ikon Allah. Duk da gashin da ka yi mata? Motar nan ta fi mai ita haƙuri. To, miƙo min gaskit ɗin."

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, shekara goma sha ɗaya. Sunan Sifana ya bi shi ne saboda ba a taɓa ganin aljihunsa babu ƙaramar sifana ba, ko asibiti za shi. Shekara arba'in ya yi yana da gareji a bakin titi, har yanar ido ta rufe masa gani, zuciya kuma ta fara yi masa gardama. Likita ya ce ya ajiye aiki. Sai ya miƙa garejin ga Dogo, babban almajirinsa a sana'a wanda shi ma yanzu gemunsa ya fara furfura, ya dawo ya zauna a bencin ƙofar gida. Amma kunnensa bai yi ritaya ba. Mota za ta wuce ta layinmu, ya ce, "Wannan belinta ya saki," ko "Wancan ba zai kai ƙarshen wata ba." Direbobi sun san shi, wasu har rage gudu suke yi su ji me zai ce.

Ni ma ya faɗa min, sau uku. Akwai tiyo ɗaya na lagireto da ke ɗiga, ya ji ƙamshin ruwan tun daga benci. Na ce to, na ce gobe, na ce ƙarshen mako. Ranar da abin ya faru ina kallon allurar zafi tana hawa har ta shiga ja, na ce bari dai in ƙarasa gida. Da na ƙarasa kuma, don in nuna ni ma na san mota, na buɗe lagireto na kwara mata ruwan sanyi tana tafasa. Washegari bututun salansa na fitar da farin hayaƙi, man inji ya koma kamar shayi mai madara.

"Allura tana yi maka magana, kai kana sauraron rediyo," in ji Baba. Sai ya aika a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado.

'Yarsa babba, wadda duk layin ke kira Tela saboda kekenta na ɗinki yana ɗakin da ke kallon titi, ta fito da almakashi a hannu.

"Baba, me likita ya ce?"

"Ya ce kar in ɗaga nauyi. Kin ga na ɗaga wani abu?"

"Yaya Akawu, don Allah ka kai ta wurin Dogo mana."

"Dogo motoci bakwai ne a gabansa," in ji Baba. "Kuma wannan motar ta layi ce. Ita ta kai uwarki asibiti da ƙafarta ta kumbura, ita ta kai ki ranar haihuwa. Ba zan bar ta a bayan layin kowa ba. Ni zan zama kai, shi ya zama hannu." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Da ido. Yau kai ne idona, Akawu."

Haka muka yi. Kwana biyu ina tashi daga ofis da wuri muna kwancewa, shi yana faɗa ni ina yi, kowane noti yana shiga gwangwaninsa. A rana ta uku ne ya ɗora rula ya tambaye ni, na ba shi amsar da na ba shi.

Ɗaurin kan inji yana da ƙa'ida, kuma a ranar na ga yadda mutum ke son sana'arsa. Noti goma ne. Ba a fara wa daga gefe, daga tsakiya ake farawa a riƙa fita waje, hagu, dama, hagu, dama, kuma ba a ɗaure ko ɗaya gaba ɗaya a karon farko. Zagaye uku ake yi, kowane zagaye a ƙara ƙarfi kaɗan. Yana da wata doguwar sifana mai yin ƙas idan noti ya kai inda ake so. Ni ke ja, shi ya ɗora yatsu biyu a bayan hannuna.

"Sannu. Ba faɗa kake yi da ita ba. Ja kamar kana buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci."

Ƙas.

"Yawwa. Na gaba."

A zagaye na uku, da muka zo noti na tsakiya, yatsunsa suka tsaya a kan hannuna. Ya karkatar da kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Amma sai ya ce, "Ci gaba," muka ci gaba.

Da aka tayar da ita ranar Juma'a da yamma, ta ɗauka bugu ɗaya. Inna, matarsa, ta leƙo daga zaure tana tafa hannu. Baba ya tsaya riƙe da murfin inji, idonsa a rufe, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Kun ji ta? Waƙa take yi," ya ce. "Tela! Zo ki ji aikin makaho."

Ta fito ta ji, ta girgiza kai, amma ita ma murmushi take yi. Ni ma na yi dariya tare da su, kuma ban taɓa jin dariya mai ɗaci irin wannan a bakina ba.

Na ɗauko shugaban ranar Asabar. Ya shiga baya, ya sa waya a kunne tun daga filin jirgi har ƙofar masaukinsa. Da zai fita ya ce in sauke masa jakunkuna a hankali. Ranar Litinin muka haɗu a matakala na gaishe shi, ya amsa irin amsar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Abin da na sayar da idona a kansa ke nan.

Motar kuwa ta fara ba ni labari tun ranar Lahadi. Na buɗe lagireto da safe na tarar ruwa ya sauka. Na cika. Washegari ya ƙara sauka, kuma idan inji na aiki sai ka ga 'yan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Na sayi jarkar ruwa na ɓoye a but ɗin motar. Matsalar ita ce hancin Baba. Da sassafe yake fitowa benci, kuma farin hayaƙin nan na farkon tashi yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ba zai wuce shi ba. Allah ya sa layinmu gangare ne. Sai na koma sakin birki in bar ta ta gangara shiru har kwanar mai shago, can nake murɗa makulli.

"Maigida, wai makullin ne ya lalace?" matata ta tambaye ni rana ta uku.

"Hanya ce ta hutar da batir," na ce mata. Ta dube ni irin kallon da take min idan na ce na kusa dawowa.

Baba ma ya lura. "Akawu, kwana biyu ba na jin waƙarta. Rowa kake min?"

"Kar in tashi mutane ne, Baba."

"Ruwa fa? Yana zaune?"

"Yana zaune daram."

"Madalla. In ta yi mako biyu ka kawo mu sake bin notin. Aiki ba ya ƙarewa ranar da aka gama shi."

Na yi niyya, Allah ya sani. Na ce ranar Asabar mai zuwa zan kai ta wani gareji can nesa da unguwa inda ba a san Baba ba, a kwance, a goge kan, a mayar, ba wanda ya ji. Asabar ta zo aka kira mu aiki. Na ce ta gaba.

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe huɗu na yamma, na dawo ke nan ko takalmi ban cire ba, aka buga ƙofata da tafin hannu biyu.

"Yaya Akawu! Yaya Akawu, Baba! Fito da mota!"

Na same shi a tsakar gidansu zaune a ƙasa, ya jingina da randa, hannu ɗaya dafe da ƙirji, gumi yana tsiyaya daga gemunsa. Inna ta sa masa ƙwayar maganin a ƙarƙashin harshe, ta ce wannan ta biyu ce, ba ta yi komai ba. Ni da Tela muka ɗauke shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaga injuna, ashe bai fi buhun auduga nauyi ba.

Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Inna, Tela ta shiga gaba. Na tuna jarkar da ke but. Na tuna tun safe ban ƙara ruwa ba. Amma ta yaya zan tsaya buɗe inji a gabansu, mutum yana numfashi da ƙyar? Na murɗa makulli a nan ƙofar gidansa, karo na farko cikin kwana goma.

Asibitin da ke duba zuciyarsa yana ƙetaren gada, tafiyar minti ashirin in hanya ta yi kyau. Hanya ba ta yi kyau ba. Lokacin tashi daga aiki ne, motoci sun cushe tun daga hawan gadar, ana tafiya taku ɗaya a tsaya. Na danna hon har hannuna ya gaji. Tela ta fitar da kai ta taga tana roƙon mutane, "Mara lafiya ne! Don Allah ku ba mu hanya!" Wasu suna matsawa, amma ina za su matsa?

Ni kuwa ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Ta bar tsakiya. Ta wuce kashi uku cikin huɗu.

"Akawu," muryar Baba ta fito daga baya, siririya. "Tana zafi."

"A'a, Baba, lafiya lau. Ka kwanta."

"Kunna hita. Buɗe ta duka. Tana jan zafi daga inji."

"Malam, ka yi shiru mana, ka bar zancen mota," in ji Inna tana kuka.

Na kunna hita, iska mai zafi ta bugo mu a fuska. Allura ta ɗan tsaya kamar za ta ji magana, sannan ta ci gaba da hawa. Muna tsakiyar gada ta shiga ja. Inji ya fara ƙwanƙwasa. Na ci gaba da taka ta, ina roƙonta a zuciyata kamar mutum. Mun kusa gangarawa sai ta yi wata irin shaƙuwa, tururi ya turnuƙe gilashi, ta mutu.

Na murɗa, na sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba.

Tela ta ɓalle ƙofa ta fita da gudu tana tare motoci. Inna ta zame kansa daga cinyarta a hankali ta ɗora a kan gyalenta, ita ma ta fita, tsohuwa mai ciwon ƙafa, tana ɗaga hannu biyu a tsakiyar titi. Aka bar ni da shi. Na zagayo na buɗe ƙofar baya na durƙusa ina yi masa fifita da wata takardar ofis. Ƙamshin nan mai zaƙi ya cika motar.

Ya ja numfashi ta hanci, sau biyu.

"Akawu."

"Na'am, Baba."

"Akwai haske, ko?"

Duk ƙarar hon ɗin da ke kan gadar nan, sai na ji kamar an toshe min kunne. Na nemi wata ƙaryar na rasa.

"Akwai, Baba."

"Da yawa?"

"Kamar zare. A tsakiya."

"Tsakanin na biyu da na uku." Ya lumshe ido. "Na ji a notin. Na ce hannuna ne ya tsufa."

"Baba, ka yafe min. Wallahi sauri ne, na ce in na dawo..."

Ya ɗaga yatsu biyu, waɗannan dai da ya ɗora a bayan hannuna, na yi shiru. Ya daɗe yana tattara numfashi.

"Ka kai a goge," ya ce. "Kar ka sake ɗora sabon gaskit a kan karkatacce. Ƙonewa zai yi."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na sha juya wannan a raina, kuma har yau ban san ko ƙin faɗa ya yi ko numfashi ne bai ishe shi ba.

Wata motar raba burodi ce ta tsaya. Direban ya ture tirorin burodi gefe, muka kwantar da Baba a tsakanin burodi mai ɗumi, ya bi ta gefen hanya yana hon. Daga mutuwar motata zuwa ƙofar asibiti, minti arba'in. Na san haka domin agogon motar burodin yana gabana, kuma ban iya ɗauke ido daga kansa ba. Suka shiga da shi a guje. Ba a yi rabin sa'a ba likitan ya fito yana cire safar hannu, tafiyarsa kaɗai ta gaya mana.

Tela ce ta tambaye shi, "Likita, da mun iso da wuri fa?"

Ya ce, "Zuciyar ta daɗe da gajiya. Wataƙila da mun yi wani abu, wataƙila kuma a'a. Ba zan iya ce miki ga shi ba."

Na so ya ce a'a kawai. Da ya ce haka da na samu inda zan raɓe.

Bayan an binne shi, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, bencinsa aka matsar gefe, ba wanda ya zauna a kai. Makanikai suka zo da yawa, wasu da furfura, duk sun bi ta hannunsa. Dogo ne ya je ya jawo motata daga gada ya ajiye ta a ƙofar gidana. A rana ta biyu ina zaune a bayan makanikan na ji wani mai gyaran birki yana magana ƙasa-ƙasa.

"An ce shi da kansa ya ɗaura kan injin. Kwana goma sha biyu ta yi."

"Kai, tsufa ba shi da kyau. Baban da in ya ɗaure inji sai mota ta ruɓe ba a sake buɗewa ba?"

"Ido ya tafi, hannu ya bi shi. Da ya haƙura ya bar wa yara. Ka ga aikinsa na ƙarshe shi ya tsaya masa a hanya."

Dogo ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni, ina karɓar gaisuwa. Har yabo na sha. Kowa ya zo sai ya riƙe hannuna ya ce maƙwabci na gari, ka yi iya ƙoƙarinka.

Na iya jure wannan. Abin da ban iya jurewa ba ya zo ne a rana ta huɗu, da Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida, daidai inda muka ɗauke shi, ta rame a kwana huɗu kamar ta yi wata tana jinya.

"Zauna, ɗana. Magana ce nake so in roƙe ka."

"Faɗi, Inna."

"Ka yafe wa Malam. Ya lalata maka mota. Mun hana shi, bai ji ba, ka san halinsa. Shi gani yake har yanzu yana iyawa." Ta share ido da bakin zane. "Kar ya kwanta da haƙƙinka a kansa. Ka ce ka yafe, in ji da kunnena."

Tsohuwa tana neman gafarata a madadin mutumin da na yi wa ƙarya yana riƙe da rula. Na miƙe ban ce mata komai ba, na san ta ɗauka fushi ne. Na fita na je garejin Dogo a ƙafa.

Washegari da hantsi Dogo ya zo da kayan aikinsa. Kafin azahar ya sauke kan injin, ya wanke shi, na ce ya ɗora a bencin Baba. Gaskit ɗin ya ƙone baƙi ƙirin a wuri ɗaya, tsakanin rami na biyu da na uku. Na yi sallama na ce Inna da Tela su fito, kuma don Allah a zo da rular Baba.

Tela ta kawo ta, tana dubana da mamaki. Na kafa ta daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda ya yi.

"Dogo, duba."

Ya durƙusa. "Akwai haske. Sosai ma. Ai wannan zafin gada ne ya ƙara lanƙwasa shi."

"Ya ƙara dai. Amma tun ranar da muka ɗaura akwai shi." Na juya ga Inna da Tela. "Baba ya ɗora rular nan, sau biyu. Ya ce in duba masa don ba ya gani. Na ga haske na ce masa babu, saboda ina sauri in je ɗauko wani mutum. Na san tana shan ruwa tun kwana biyu da gamawa, na ɓoye masa. Aikinsa ba shi da aibu ko ɗaya. Ni ne. Dogo, ka gaya wa mutanenku haka, duk wanda ya ce hannun Baba ya tsufa ka ce ya zo ya tambaye ni."

Wani mai keke ya wuce yana ƙararrawa. Tela ta dube ni, ta daɗe tana dubana, leɓenta yana motsi.

"Kana kallo muna tare motoci a kan gada," ta ce. "Kana kallon Inna a tsakiyar titi."

"Ina kallo."

Ta juya ta shige ɗakin ɗinkinta ta rufo ƙofa.

Inna kuwa ta matso benci. Ta dafa kafaɗar Dogo, ta sauka a kan gwiwarta mai ciwo a hankali, ta sa ido daidai bakin ƙarfen kamar yadda ta sha ganin mijinta yana yi shekara arba'in. Ta daɗe a haka.

"Ya sani?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ya sani, Inna. A kan gada ya tambaye ni, na gaya masa."

"To, ya tafi ya san ba hannunsa ba ne." Ta gyaɗa kai. "Ashe ba hannunsa ba ne."

Dogo ya ɗaga ta. Ta ɗauki rular ta goge da bakin zanenta, ta shiga gida da ita. Ba ta dube ni ba.

Kwana biyar kan injin ya yi a wurin masu gogewa. A kwanakin nan da ƙafa nake zuwa bakin titi in hau motar haya, kuma dole in wuce ta gaban tagar Tela. Kekenta ba ya tsayawa idan na yi gaisuwa. Inna tana amsawa, gajeriyar amsa, irin ta baƙo. Maganar ta zaga layi, wasu sun daina riƙe min hannu, kuma na fi jin daɗin haka da yabon da suke yi min a da.

Ranar da aka dawo da kan injin, Dogo ya sauke shi a bencin Baba ya ce zai je ya kawo sabon gaskit. Fuskar ƙarfen ta yi sumul, tana ɗaukar ido. Ina tsaye a kansa ni kaɗai sai na ji keken ɗinki ya tsaya. Tela ta fito, ta ajiye rular a ƙarshen benci, ta koma. Keken ya ci gaba.

Na kafa rular daga kusurwa zuwa kusurwa. Na durƙusa a ƙasar nan mai baƙin mai, na rufe ido ɗaya. Na juya ta ɗaya kusurwar na sake dubawa, na bi ta tsakiya, na bi ta gefe, har gwiwata ta yi tsami.

"Babu, Baba," na ce.

A ɗaya ƙarshen bencin, inda katakon ya yi santsi saboda zama, wata 'yar kaza ce ta hau tana gyara fiffike a rana.